Daga Buhun Mai Haya Zuwa Katin Waya: Littafi da Masu Jinsa a Ƙonni da Adar

Da wuya a yau a ga mai hayar littafi a bakin tashar Birnin Ƙonni ko a kasuwannin da ke kewaye da ita, kuma janyewar tasa ta zo a hankali, ta yadda babu mai iya nuna shekarar da ya naɗe tabarmarsa. Sana'a ce ƙarama wadda ba ta buƙatar shago, domin jarinta bai wuce buhu guda na littattafai ba, da tabarmar da ake bajewa a inuwar dogon yaro, da kaye, wato littafin rubutun ƴan lakwal (makarantar boko), inda ake sa sunan wanda ya ɗauka da ranar da zai mayar. Littattafan sirara ne, takardarsu mai saurin yin ja, kuma akan raba labari guda kashi biyu ko uku domin wanda ya gama na ɗaya ya dawo da ƴan dalolinsa neman na biyu. A irin wuraren da yake zama, abin da ake tararwa yanzu shi ne rumfar mai cajin waya, da igiyoyi rututu a kan tebur, da tsohuwar kwamfutar da ake zuba wa mutane waƙoƙi da fina-finai da wa'azi daga cikinta zuwa katin waya, haɗe da abin da ake kira littafin saurare, wato labarin da wani ya karanta da baki aka naɗi muryarsa. Labarai ba su ragu ba, sai ma ninkuwa da suka yi. Abin da ya sauya shi ne hanyar da suke bi su isa zuciyar mutum, da kuma wanda yake zaune kusa da shi a lokacin da suka taɓa shi.

Littafin Hausa na boko bai shigo wannan yanki ta ƙofar makaranta ba. Turawan Ingila da suka mallaki arewacin Najeriya sun kafa hukumar talifi a Zariya, wadda a 1933 ta shirya gasar ƙagaggun labarai a ƙarƙashin Rupert East, kuma daga wannan gasa aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, waɗanda aka buga a 1934. Magana Jari Ce ya biyo baya daga 1937, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo kuma ta fara fitowa a Janairun 1939. A wannan gefen iyaka na Nijar kuwa, lakwal ɗin Faransawa ba ta san wani harshe ba sai Faransanci, har akan hukunta yaron da aka ji yana magana da harshen gidansu a harabarta. Sai bayan ƴancin kai na 1960 aka kafa ma'aikatar yaƙi da jahilci a 1963, wadda ta koyar da manya karatu cikin harsunan ƙasa, sannan aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973. Ke nan mafi yawan waɗanda suka karanta littafin Hausa a Ƙonni da Malbaza da Illela sun koyi baƙaƙen ne a kan kalmomin Faransanci, daga baya suka juyo da kansu suka gwada su a kan harshen da suka sha a nono, suna tuntuɓe a kan baƙaƙe masu lanƙwasa har idonsu ya saba.

Fatauci ne ya kawo littafin. Ƙonni tana kan babbar hanyar da ta haɗa Yamai da Damagaram, kuma ƴan kilomitoci ne tsakaninta da Illela ta jihar Sakkwato, wadda ba ita ce Illela ta Nijar ba, mazaunin Sarkin Adar da ke can arewa. Motocin da ke kai albasar Galmi da wake da dabbobi kudu su ne ke dawowa da atamfa da kaset da ƙunshin littattafai. Faɗuwar darajar naira daga 1986 ta sa kayan Najeriya suka yi araha ga mai riƙe da sefa, kuma hakan ya zo daidai da bunƙasar abin da masana suka kira adabin kasuwar Kano, wato littattafan da marubuta, akasarinsu matasa da mata, suke bugawa da kuɗinsu su kai kasuwa ba tare da wani babban kamfanin ɗab'i ya tace su ba.

Sai dai karatu ya riga boko zuwa wannan ƙasa da ƙarnoni. Toronkawa, dangin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, sun daɗe zaune a ƙasar Ƙonni, kuma a Maratta, kusa da Galmi ta yau, aka haifi Shehun a 1754. Tsarin karatun da aka gada daga wancan zamani, wanda har yanzu yake raye a zaurukan malamai, tsari ne na kunne: ɗalibi ya buɗe Ahalari ko Ishmawi ko Risala ya karanta jimla da Larabci, malam ya fassara ya yi sharhi da Hausa, ɗalibi yana amsawa da "na'am" a kowace gaɓa domin malam ya san ana tare. A bayan ɗaliban akwai wasu zaune waɗanda ba su taɓa riƙe alƙalami ba, manoma da maɗinka da tsofaffi, amma sun haddace babin tsarki da na azumi saboda yawan ji. Nana Asma'u, ƴar Shehu, wadda ta rasu a 1864, a kan wannan ta gina ilimin mata, inda ta tsara waƙoƙi ta koya wa jajoji, wato shugabannin ƙungiyar ƴan taru, su kuma suka kai su ƙauyuka da baki. Makafin da ke rera Infiraji na Aliyu Namangi a ƙofofin gidaje su ma littafi suke kai wa wanda bai iya karantawa ba. Magabata sun ce kunne ya girmi kaka, kuma a wannan yanki ya girmi ido a fagen ilimi. Saboda haka kuskure ne a ɗauki littafin saurare a matsayin baƙo. Karatun shiru na mutum ɗaya da idonsa shi ne ya zo daga baya, kuma bai taɓa zama na kowa ba a ƙasar da har yau manyan da suka iya karatun boko ba su kai rabi ba.

Dattawan da suka tashi a wannan tsari suna da wata irin girmamawa ga takarda wadda ta shafi yadda suka karɓi ƙagaggen labari. Sun saba da littafi mai warwararrun ganyaye da ake ɗaurewa da tsirkiyar fata a sa a gafaka, mai ƙanshin jima da tawadar gawayi da ƙaro, wanda ba a ɗora komai a kansa, ba a kuma miƙa shi da hannun hagu. Dattijo idan ya tsinci guntun takarda mai rubutu a hanya, yakan sunkuya ya ɗauka ya soke ta a jikin darni don kada a taka. A wurin irin wannan mutum, abin da ya cancanci a rubuta shi ne gaskiya, tatsuniya kuwa ta dare ce, ta bakin tsohuwa, wadda kowa ya san ƙarya ce tun daga buɗewarta. Tambayarsa ta farko idan ya ji ana karanta labarin soyayya ita ce ko abin ya faru, kuma idan aka ce masa shiryawa aka yi, mamakinsa yakan koma kan wanda ya ɓata tawada da takarda a kan abin da bai auku ba.

A cikin gida kuwa, wato ɓangaren mata, tambayar ba ta dame kowa ba. Bayan sallar isha'i, musamman da hunturu lokacin da aikin gona ya ƙare, akan kunna fitilar ƙwai a tsakar ɗaki, warin kananzir ya gauraye da na turaren wuta, a kira yarinyar da ta kai ajin ƙarshe na firamare a miƙa mata littafin da aka aika ƙaninta ya karɓo haya. Uwargida tana ɓarar gyaɗa, amarya tana yi wa wata kitso, maƙwabta biyu ko uku sun shigo da goyonsu. Littafin kansa ya bi hannaye da yawa kafin ya iso: bangonsa ya rabu an ɗinke shi da zare, akwai tabon miya a wani shafi, a gefen wani shafin kuma wata da ta riga karantawa ta rubuta "Allah ya isa" da bik daidai inda mugun miji ya yi saki. Yarinyar takan fara da in'ina, ta saki jiki bayan shafi biyu, amma ba ta yin nisa ba a tsayar da ita ba. Tsohuwa takan ce, "Ɗiyata, koma baya kaɗan, me ya ce mata?" Ita kuma ta amsa, "To, Inna," ta maimaita. Idan aka zo wurin da saurayi ke bayyana wa budurwa abin da ke ransa, kunya takan sa ta rage murya ko ta tsallake layi uku, matan su gane, su yi dariya, su ƙyale ta. Wani lokaci kuma shafin ƙarshe ya ɓace, sai kowace ta faɗi yadda take ganin ya kamata a ƙare, a kwana ba a daidaita ba.

A irin wannan zama, abin da mutum ya ji game da littafi ba ya daɗewa a cikinsa shi kaɗai, domin da ya fito za a sami mai tarewa. Wadda ta ce jarumar labarin ta yi rashin haƙuri za ta ji daga wadda ta taɓa zaman gidan da haƙuri bai gyara ba, kuma wadda ta zagi kishiyar cikin littafi tana yin haka ne a gaban tata kishiyar, wadda ta san sarai da wa ake. Littafin ya ba su damar faɗin abin da ladabin zaman gida ya hana a faɗa kai tsaye. Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, labarin Rabi ne, wadda mijinta ya kore ta da ƴaƴanta saboda sabuwar amarya, ta koma sayar da abinci ta riƙe su. Babu unguwar da ba ta da mai irin wannan tarihi, kuma masu sauraro sukan kira sunanta a hankali. Wa Zai Auri Jahila? na marubuciyar, wadda ita kanta an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, ya fi zafi, domin yarinyar da ke karanta shi ga iyayenta mata sau da yawa ita ce ake shirin cirewa daga lakwal. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya fi kama samari, waɗanda suka ga kansu a talakan da ke son ƴar masu kuɗi.

Wurin da mutum yake zaune yana sauya nauyin abin da ya karanta, kuma Shaihu Umar misali ne a kan haka. Ɗalibi a Zariya yana iya ɗaukar labarin yaron da aka sace aka bautar, da uwar da ta keta sahara tana nemansa har ƙarfinta ya ƙare, a matsayin hoton zamanin da ya wuce. A ƙasar Ƙonni da Adar kuwa al'adar wahaya, wato mallakar mace baiwa a bayan matan aure huɗu, ta kai har ƙarnin nan, kuma daga wannan yanki ne shari'ar Hadijatou Mani ta taso, wadda kotun ƙungiyar ƙasashen yammacin Afirka ta yanke a Yamai a watan Oktoban 2008, ta sami gwamnatin Nijar da gazawa wajen kare ta daga bauta. Mai sauraron da ya san gidan da ake raɗe-raɗin asalin wata mata a cikinsa ba ya jin wannan littafi kamar yadda na nesa yake jinsa, kuma shirun da kan biyo bayan karatunsa shi ma martani ne.

Ba daidai ba ne a kwatanta wancan zamani kamar komai nasa lafiya. Gidan da babu ɗan lakwal ba ya da rabo, kuma irin waɗannan gidaje su ne mafiya yawa a ƙauyukan Bazaga da Alela da Tajaye. Mace babba tana dogara da yarinya ƙarama, ta jira ta gama aikin makaranta, ta haƙura da abin da ta tsallake. Maza da yawa sun hana littattafan shiga gidajensu, an doki ƴan mata saboda an sami littafi a ƙarƙashin katifa, kuma zargin cewa suna ɓata tarbiyya ya yi ƙarfin da a Kano aka kai ga ƙona wasu a bainar jama'a a 2007. Wasu daga cikin littattafan ma ba su cancanci kariya ba, domin cike suke da kurakuran rubutu da kwaikwayon fina-finan Indiya da ɗaukaka dukiyar da ba a san tushenta ba. Akwai kuma abin da taro ke yi wa mai rauni: ra'ayin uwargida yakan rinjayi na amarya, na babba ya danne na yaro, kuma wadda labarin ya taɓa wani ciwo nata na ɓoye dole ta haɗiye hawayenta don kada a gane.

Rediyo da kaset su ne suka cike tsakanin zamanin littafin haya da na waya. Tun 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na rediyo a Nijar, inda mutane ke taruwa su saurari shiri su tattauna a aika da ra'ayinsu, kuma tashar Kaduna da sashen Hausa na BBC, wanda ya fara a 1957, sun saba wa kunnen yankin da Hausar gabas. Gidajen rediyon da suka riƙa karanta littattafai kashi-kashi sun nuna cewa masu son labari sun ninka masu iya karanta shi sau da yawa.

Wayar hannu ta ɗauki wannan ta kai shi inda rediyo bai kai ba, kuma ribar da aka samu babba ce. Matar da ba ta taɓa shiga aji ba tana iya sauraron littafi mai tsawon awa ashirin tana daka ko wanki, ba tare da ta roƙi kowa ba, ba kuma tare da an tsallake mata layi ba. Mai ban ruwan albasa a kwarin Magiya, da direban da ke jiran lodi a ƙofar masana'antar siminti ta Malbaza, da makaho, da tsohon malamin makarantar da idonsa ya raunana, duk sun sami abin da buhun mai haya bai taɓa ba su ba. Matasan Adar da ke tafiya biɗa, wato ci-rani, zuwa Abijan ko Legas ko Libiya ko Aljeriya, suna tafiya da muryar Hausa a aljihu, kuma a ɗakin da mutum goma ke kwana cikin baƙuwar ƙasa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma lokacin takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, kaya sun tsaya a Illela ta Sakkwato da Ƙonni, amma labarai sun ci gaba da ƙetarowa ta YouTube da WhatsApp. Har marubuta masu sayar da labarinsu babi-babi sun saba ware lamba ta musamman domin masu biya daga Nijar, abin da ke nuna cewa kasuwar wannan gefe ta kai a lissafa da ita. A da, mai karatu yakan rubuta wasiƙa zuwa akwatin gidan wayan da aka buga a bayan littafi ya jira watanni. Yanzu saƙon murya yana isa ga marubuciya kafin ta rubuta babi na gaba, kuma wani lokaci yana sauya makomar jarumar.

Akwai wata riba da ba a cika ambata ba, ita ce sirri. Wadda ta sa abin kunne tana iya yin kuka a kan labarin da ya yi kama da nata ba tare da kowa ya tambaye ta dalili ba, tana kuma iya ƙin jarumin da kowa ke so. Ra'ayin kai, wanda ba a fara auna shi da fuskar babba ba kafin a furta, sabon abu ne ga mata da yawa, kuma bai kamata a raina shi ba.

Amma a nan ne kuma asarar take. Muryar da ke cikin waya ana iya tsayar da ita, ana iya mayar da ita baya, sai dai ba a iya tambayarta. Malamin zaure yana ganin fuskar da ba ta gane ba ya sake bayani, yarinyar da ke karatu a tsakar ɗaki tana jin gyaran tsohuwa, ita kuwa muryar da aka naɗa a Kano ko Kaduna ba ta san wanda ke saurarenta ba. A gida ɗaya yanzu ana iya samun mata huɗu, kowace da nata labarin a kunne, babu wadda ta san abin da ya sa ƴar'uwarta ta yi tsaki. Fushin da labari ya tayar ba ya samun mai sanyaya shi, kuskuren fahimta ba ya samun mai gyarawa, kuma yarinya ƴar shekara goma sha uku tana iya jin abin da a da kunya da idon manya ke tacewa, domin cikin abin da ake zubawa a kati akwai labaran batsa da babu mai hayar da zai yarda ya baje su a tabarmarsa a gaban mutanen da suka san gidansu. Tsarin biya babi-babi ya kuma sa wasu marubuta jan labari fiye da ƙarfinsa, kamar furar da aka cika wa ruwa don ta ishi baƙi, yayin da wasu masu naɗar murya ke karanta littafin mutum su ci riba ba da izininsa ba. An ma fara jin muryoyin na'ura masu karanta Hausa ba tare da karin sautinta ba, kuma kunnen da ya saba da su yana iya daina jin bambanci.

Wata asarar ta shafi ido da hannu. Littafin haya, duk da kurakuransa, shi ne makarantar da ta koya wa dubban ƴan Nijar karanta Hausa da rubuta ta, kuma yarinyar da ta karanta wa iyayenta littafi talatin ta fita da ƙwarewar da lakwal ba ta ba ta ba. Ƙanwarta ta yau tana jin labarai fiye da ita, amma ba lallai ta iya rubuta wasiƙa da harshenta ba, tunda saƙon murya ya ɗauke mata wannan buƙata. Takarda kuma tana tsufa a gani, a ɗinke ta, a gaje ta. Kati idan ya lalace ko waya ta faɗa rijiya, ɗakin karatu guda ya tafi a lokaci ɗaya.

Inda giɓin ya fi faɗi shi ne littattafan ilimi, wato waɗanda ba ƙagaggu ba, na tarihi da rayuwar mutane da binciken al'umma. Ta fuskar addini katin waya cike yake, da tafsiri da tarihin Annabi da karatun littattafan fiƙihu daga bakin malaman Najeriya da Nijar, kuma wannan ci gaban tsarin zaure ne kai tsaye. Tarihin ƙasar da mai sauraro ke takawa kuwa yana kulle cikin Faransanci. Djibo Hamani, wanda jami'ar Tawa ke ɗauke da sunansa, ya wallafa bincikensa a kan Adar kafin zuwan Turawa a 1975, inda ya bi diddigin yadda Agabba, ɗan Sarkin Agadas, ya kafa mulki a Adar a ƙarshen ƙarni na 17, mulkin da zuriyarsa ke riƙe da sarautarsa a Illela ta Nijar. Ɗan Illela da ya kai ga karanta wannan littafi yakan ji wani abu dabam da abin da labarin soyayya ke sa shi ji, domin yana cin karo da sunayen garuruwan da yake zuwa cin kasuwa da na kakannin mutanen da yake gaisarwa, kuma abin da yakan fara yi shi ne ya kai wa wani tsoho abin da ya gani. Tsohon yana iya amincewa, yana iya cewa ba haka ya ji daga nasa kakan ba, kuma daga wannan saɓani ne mai karatu ke koyon cewa rubutacce ma ana auna shi. Waɗanda ke samun wannan dama kaɗan ne ƙwarai.

Haka abin yake game da 1899, shekarar da rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta afka wa Birnin Ƙonni a watan Mayu ta yi kisan da har yau yake bakin tsofaffin garin. Abin da yawancin ƴan makaranta suka sani game da wannan runduna ya zo ne ta Sarraounia na Abdoulaye Mamani, wanda ya fito a 1980 da Faransanci, da fim ɗin da Med Hondo ya yi a kansa, wanda ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Wagadugu a 1987. Littafin ƙagagge ne da aka gina a kan turjiyar Sarauniyar Lugu, kuma masana sun nuna cewa marubucin ya ƙawata abubuwa da dama domin ya ba ƙasarsa jaruma, amma masu karatu da yawa sun ɗauke shi tarihi tsantsa saboda babu wani littafi kusa da su da za su gwada shi da shi. Mutumin Ƙonni ya san unguwannin Kano da sunayen makarantunta da yadda attajiranta ke aure, duk daga labaran da ke kunnensa, alhali abin da aka rubuta a kan garinsa bai taɓa jin sa da harshensa ba. Kayan aro, in ji magabata, ba ya rufe katara. Ba laifin marubutan Kano ba ne da suka rubuta abin da suka sani. Giɓin na wannan gefe ne, inda cibiyar binciken kimiyyar ɗan Adam ta Yamai ke ajiye da dubban rubuce-rubucen Larabci da ajami, waɗanda Boubou Hama ya fara tarawa, ba tare da sun zama abin da manomi zai ji ba.

A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, ya mayar da Faransanci harshen aiki. Matakin ba zai sauya komai ga mai sauraro a Dogarawa ko Badagishiri ba muddin abin da ke cikin katinsa bai sauya ba. Mai hayar littafi ba zai dawo ba, kuma babu dalilin tilasta wa wadda ta sami ƴancin saurare da kanta ta koma jiran yarinya da fitila. Abin da ke hannun malaman jami'ar Tawa da gidajen rediyon al'umma da marubutan yankin shi ne su nemi izinin masu haƙƙi su fassara littattafan tarihin Adar da Ƙonni, su naɗe su da muryoyin mutanen nan da Hausar da ake yi a nan, su biya mai rubutu da mai karatu, su kuma buga rubutun tare da muryar domin mai so ya bi da ido. Idan an yi, a kai su rumfar mai cajin waya inda jama'a ke karɓar labari, a kuma riƙa kunna su a fili, a fada wurin masu shayi da cikin gida bayan isha'i, tare da wanda zai tsayar da muryar idan wani ya ce a koma baya.